Tambayi Malam: Basine ya kira manajanmu “old manager”

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah shi gafarta Malam. Ni ma'aikaci ne a wani kamfanin casar shinkafa a nan Argungu, ni ke riƙe da sito. Wata huɗu ke nan da aka kawo mana wani injiniya ɗan ƙasar Sin don ya kafa sabon injin da ke tsince tsakuwa da baƙar ƙwaya. Turancinsa kaɗan ne, kuma da ya ji na karanta Turanci a kwalejin ilimi sai ya liƙe mini. Kullum bayan la'asar mukan zauna a bakin sito, yana tambaya ina amsa abin da na iya.

Ranar Litinin manajanmu ya shigo zagaye tare da baƙi. Dattijo ne mai furfura, saura kaɗan ya aje aiki. Basinen ya miƙe, ya ɗan rusuna, ya ce da ƙarfi, “Good morning, old manager!” Nan take fuskar manaja ta canza. Da baƙi suka tafi ya kira ni ofis ya ce, “Mi wanga mutum ka nuhi? Wa ya ce mai an cire ni?” Shi kuwa Basinen ya dage cewa girmamawa ce, wai a ƙasarsu haka ake kiran manya. Kwanan baya ma ya ce wa mai tsiren bakin kamfani namansa “too old”, da ƙyar na kashe wutar. Malam, wa ke da gaskiya? Kuma ta yaya zan warware masa wannan kalma?

Mai riƙe da sito, Argungu

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Wasiƙarka ta ba ni dariya har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya, domin abin da ya sami manajanku ni ma ya taɓa samu na. Bayan na aje alli na yi kusan shekara biyu ina koya wa wasu Sinawa ma'aikatan hanya Turanci da dare, a sansaninsu da ke bayan garin Birnin Kebbi. “Laoshi” suke kira na, kunnena kuwa “laushi” yake ji, har na ɗauka yabon halina suke yi. Wata rana na tambayi ƙaraminsu ma'anar sunan. Ya ɗaga kai sama ya yi lissafi, ya ce “old teacher”. A lokacin ina ɗan shafa wa gemuna baƙi, ina ganin babu wanda ya gane. Na koma gida raina a jagule. Sai bayan kwana biyu ya nuna mini hoton malamar 'yarsa a waya, yarinya ƙarama da ba ta daɗe da gama makaranta ba, ya ce ita ma “laoshi” ce. Ashe malami kawai kalmar take nufi.

To, kowannensu da gaskiyarsa, amma tunda da Turanci aka yi gaisuwar, manaja ne ya ci shari'a.

Bari mu fara leƙa abin da ke cikin kan baƙon naka. A Sinanci akwai kalmar “lao”. Tushenta tsufa ne, sai dai ta ɗauko kaya masu yawa a hanya. Maigida a wurin aiki “laoban” ne, ko da bai kai shekara 30 ba. Abokin da aka daɗe tare “lao pengyou” ne. Garin da aka yanke wa mutum cibiya “laojia” ne. Abokin aikin da ya ɗan manyanta, in sunan gidansu Wang, sai a ce masa “Lao Wang”, yaro kuma “Xiao Wang”, wato ƙaramin Wang. In kuwa dattijo ne da ake ji da shi ƙwarai, sai a juya kalmomin a ce “Wang Lao”. Har ɓera da damisar nan ta Asiya mai ratsi suna ɗauke da ita a sunansu, “laoshu” da “laohu”, alhali babu wanda ya ƙirga musu shekaru. Saboda haka da injiniyan ya ga furfura kuma ya ga muƙami, sai ya laluba ya ɗauko kalma mafi daraja da ke bakinsa, ya tambayi ƙamus ɗin waya, ƙamus ya miƙa masa “old”. Ƙamus bai yi ƙarya ba, amma rabin zance ya faɗa ya yi shiru.

Wannan tunani ai namu ne. Saurayi yakan ce “tsohona ya aike ni” ko “bari in gaida tsohuwa”, babu wanda zai ce ya yi rashin kunya. Muna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Direban da ya san kowane rami tsakanin Jega da Yawuri mukan ce tsohon hannu ne, kuma abin mamaki a nan harsunan uku suka haɗu: Basine na cewa “laoshou”, Bature na cewa “old hand”, duka ma'ana ɗaya, gaɓa ɗaya ta jiki. Kai da ka tashi a cikin wannan tarbiyya ka fi Bature saurin gane abin da baƙonka yake nufi, kuma da wannan za ka koyar da shi. In ya ce “lao”, ka fara tambayar kanka wane “tsoho” ko wane “babba” yake nufi da Hausa, sannan ka nemo masa Turancin.

Shi kuma manaja me ya ji? A Turanci, idan “old” ta zo gaban sunan muƙami ko wurin da mutum ya taɓa zama, sau da yawa “na da” take nufi. “My old boss” shi ne maigidan da na bari. “My old school” makarantar da na yi ce, ko da bara aka gina ta. “Our old house” gidan da muka tashi daga cikinsa. Hausa ma haka ta ke: tsohon manaja shi ne wanda aka sauke ko ya sauka. Ka ga mutum saura 'yan watanni ya aje aiki, kullum yana kasa kunne ya ji wa za a kawo, sai ga baƙon da masu kamfani suka turo ya kira shi tsohon manaja a gaban mutane. Ko ni ne sai na kira ka ofis. In ma ya ɗauke ta da ɗaya ma'anar, wato mai yawan shekaru, ba ta zama gaisuwa ba. Bature ba ya girmama na sama da shi da “old”. Ka tare baƙo a Landan ka ce masa “old man”, ka zage shi ke nan. Akwai “old boy” da “old chap” da wasu Turawan Ingila na da suke kiran junansu, akwai kuma “ol boy” na samarinmu, amma duk tsakanin tsara ne. Akwai “good old” da “poor old” da ake sa wa sunan mutum, yawanci a bayan idonsa, ɗaya ta ƙauna ɗaya ta tausayi, wani lokaci da ɗan shaguɓe a ciki. “My old man” kuwa yana nufin mahaifi, kamar “tsohona”, sai dai maganar majalisar samari ce, ba a rubuta ta a takardar neman aiki.

Ga wata dabara da nake ba ɗalibaina, kuma ta yi wa Sinawan nan aiki. Ka ɗauke kalmar daga gaban suna ka mayar da ita bayan “is”, ka ga ko ma'anar ta tsaya. “An old friend” aboki ne na tun da daɗewa, yana iya zama ɗan shekara 20. “My friend is old” kuwa ba ta da wata fassara sai abokina ya tsufa. Bayan “is” shekaru kawai take ƙirgawa. A gaban suna ne take da fuska biyu. Shi ya sa a rubutun hukuma da na jarida, in muƙami ake magana, “former” ake sa wa don a kauce wa ruɗani. Janar Yakubu Gowon ya hau mulki a 1966 yana da shekara 31, aka kifar da gwamnatinsa a 1975 yana da shekara 40. Tun daga ranar ya zama “former Head of State”, amma sai da aka yi shekaru masu yawa kafin wani ya iya cewa “he is old”. Da Hausa tun 1975 muke ce masa tsohon shugaban ƙasa. A nan Basinen ya fi mu sauƙi, domin su suna da kalma daban ta wannan, “qian”, wadda suke sa wa shugaban da ya sauka. Ka ce masa “former” ita ce “qian”, zai kama nan take. Da wurare da ƙungiyoyi kuwa “old” tana nan daram: 'yan jarida na rubuta “the old Sokoto State” idan suna nufin jihar kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996, kuma ɗalibin da ya gama sakandare jiya da yamma, yau da safe ya zama “old boy”.

Sai maganar kaya. Mu da Bature kalma ɗaya muke yi wa mutum da riga: tsohon mutum, tsohuwar riga, “old man”, “old shirt”. Basine yakan raba. Abin da aka yi amfani da shi ya sha jiki “jiu” ne a wurinsa, ana furta ta kusan “jiyo”. Tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da suka wahalar da mu a farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalinsu, a bakinsa “jiu” ne, a Turanci “old notes”. Wannan ɓangaren ba zai ba shi wuya ba, haɗa biyu zai yi su zama ɗaya. Akwai ma ta uku da ta shafi sitonka kai tsaye. Shinkafar da ta kwana shekara a ajiye suna ce mata “chen mi”. In yana nufin shansherar bara, “old stock” ko “last season's paddy” duk sun yi. In burodi ne ya kwana ya bushe, “stale” ake cewa.

Rigimar mai tsire ta fi ba ni dariya, don na san inda ta fito. A Sinanci naman da ya daɗe a wuta ya yi tauri ana cewa ya yi “lao”, haka ganyen da ya wuce lokacin tsinka. Mutumin naka cewa yake tsiren ya gasu da yawa, haƙori ba ya shiga. Mai tsire kuwa, da ɗan Turancin da ya tsinta, ya ji an ce namansa kwantai ne, a gaban masu saye. Babu abin da mahauci ya ƙi ji kamar wannan. Koya masa “tough” don tauri, “overcooked” ko “overdone” don abin da ya wuce misali a wuta. In da gaske naman ya kwana ne, “not fresh” ya isa, kuma gara ya faɗe ta a hankali.

Inda na fi jin daɗin darasi da Sinawan nan shi ne wajen ƙirga shekaru. Ranar da na rubuta musu “The baby is three days old” a allo, ɗaya ya yi dariya har da buga tebur: ta yaya jaririn kwana uku zai tsufa? Na ce masa a nan kalmar ba ta nufin tsufa ko kaɗan, ma'auni ce kawai. Bature yana auna abu da sunan ɓangaren da ya fi yawa. Yakan ce “how tall” ko da gajere yake tambaya, “how long” ko da guntun zare ne, “how old” ko da jinjiri ne. Da na tambaye su yadda su suke yi, sai na ji kamar a Gwandu nake zaune. Basine ba ya cewa ya fi ka tsufa, cewa yake ya fi ka girma. Kalmar ita ce “da”, wato babba. “Wo bi ni da san sui”, kalma bayan kalma, “na girme ka da shekara uku”. In zai tambayi tsaransa shekaru sai ya ce “ni duo da”, wato girmanka nawa. Shi ya sa za ka ji baƙonka ya ce “I am bigger than you three years”, kuskuren da na shekara talatin ina gyara wa yaran Argungu da Zuru da Yawuri a aji. Daidai shi ne “I am three years older than you”. “Bigger” a kunnen Bature jiki ne, ƙiba ko tsawo.

Haka kuma 'yan'uwa. Mu muna da wa da ƙane, ya da ƙanwa. Su ma huɗu gare su: “gege”, “didi”, “jiejie”, “meimei”. Bature “brother” da “sister” kawai ya mallaka, sai ya yi musu ciko da “older” ko “younger”. Yadda harshe bai damu ya raba wa da ƙane ba, ai ka san ba a nan ya ajiye girmamawarsa ba.

A kan “older” da “elder” ka riƙe abu biyu. “Elder” ta 'yan gida ɗaya ce kuma gaban suna take zama: “my elder brother”, “her eldest son”. Ba ta tafiya da “than”, ba a cewa “he is elder than me”. “Older” kuwa ko'ina tana shiga, mutum ko mota ko masallaci, don haka in ya rikice ya riƙe ta ita kaɗai, ba zai yi kuskure ba. Dalilin da ya sa ake da biyu tarihi ne. A Turancin da ake yi kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066, kalmar “eald” ce ko “ald”, dangin “alt” ta Jamusanci, kuma “elder” ita ce asalin siffar fifikonta. Daga baya aka ƙera “older” ta kori uwargida zuwa ɗakin baya. A matsayin suna dai “elders” tana nan da darajarta, ita ce dattawa, kamar a “village elders” da “elder statesman”. Wani abin sha'awa, kalmar “world” ma daga nan ta fito: “wer” mutum, haɗe da tsohuwar kalmar zamani, wato zamanin ɗan Adam. Wannan ba zai taimaki injiniyanka ya ɗaura bel a inji ba, na faɗa ne don ya daɗe yana burge ni.

Ƙananan abubuwa da za ka riƙa ji a bakinsa, kada su ba ka mamaki. Zai ce “he very old”, domin a harshensu siffa ba ta buƙatar wani abu kamar “is”. Zai ce “ten year old” inda ake son “ten years old”, domin ba su da harafin jam'i. In ya koyi sa “s” ɗin kuma sai ya kai ta inda ba a so: “The boy is ten years old” daidai ne, amma a gaban suna “a ten-year-old boy” ake cewa, babu “s”. Zai kira matarsa “he”, saboda shi da ita duk “ta” suke furtawa. Wajen furuci, gaɓar Sinancin Mandarin ba ta ƙarewa da “l” ko “d”, sai ka ji ya ce wani abu kamar “ou-da”. Kada ka yi masa dariya da yawa. Mu ne muka mayar da “bucket” bokiti, “court” kotu. Ka sa shi ya jera “old, cold, gold, sold, told” kullum sau goma, harshe a bayan haƙoran sama. In kuma ka tambaye shi shekarunsa ya ba ka amsa biyu, ba ƙarya yake ba. A lissafinsu na gargajiya jariri yana da shekara ɗaya ranar da aka haife shi, kuma ana ƙara masa ɗaya duk sabuwar shekararsu. Na fasfo shi ne wanda Turanci yake tambaya.

Kai ma ka kula da naka harshen, kada ka gyara masa nasa ka ɗora masa namu. Na sha ganin “my senior brother” a takardun jarrabawa, kuma a Najeriya kowa ya gane, amma in ya koma Shanghai ya faɗa wa Bature haka za a ɗauka muƙami ne a wata ƙungiya. Wani yaro ya taɓa rubuta mini cewa bai zo makaranta ba don innarsa tana da “old stomach”. Tsohon ciki yake nufi, Allah sarki, “heavily pregnant”. Tsohon dare ma ba “old night” ba ne, “the dead of night” ne. Ganuwar Surame, birnin Kanta, ta wuce “old”, “ancient” ake ce mata. Ginin gidan tarihi na Kanta da ke garinku, wanda fada ce a da, “the old palace” ya dace da shi ta fuska biyu: ya daɗe, kuma Sarki ya tashi daga ciki.

In yana son ya ambaci dattijo cikin ladabi a bayan ido, “an elderly man” ko “an older man” sun fi “an old man” taushi. A gaban ido kuwa “Sir” ta wadatar. Amma ni shawarata, tunda a Kabi yake zaune, ka bar Turanci ka koya masa namu. Ya riƙa ce wa manaja “Alhaji”, in ya iya ya ƙara da “ranka shi daɗe”. Ya ce wa maigadin ƙofa mai farin gemu “Baba”. Wannan ba sai ka koya masa ba, a harshensu ma “baba” uba ne. Sannan ka kai shi ofis da kanka, lokacin da babu baƙi. Ka gaya wa manaja cewa a garinsu mutumin nan “dattijo” ya ce, waya ce ta fassara masa ba daidai ba. Ka bar shi ya miƙa hannu biyu ya gaisa, dama haka suke miƙa abu ga manya. Ina kyautata zaton kafin injin ya fara aiki manaja zai aika masa da kifi.

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ina sayar da wayoyi a kasuwar Jega. Wani ɗan'uwana ya haɗa ni da wani dila a birnin Shenzhen na ƙasar Sin, muna magana ta WeChat. Na rubuta masa ina son “old phones” guda 200, ina nufin na hannu masu kyau. Sai ya turo mini hotunan ƙananan wayoyi sababbi fil a kwali, masu manyan madannai irin masu tocila. Na ce ba su ba ne, ya sake turo wasu irinsu. Ban tura kuɗi ba tukuna. Me zan rubuta?

Ɗan kasuwa, Jega

AMSA

Alhaji, ka yi dabara da ka riƙe kuɗinka. “Lao” ɗin nan ce ta sake biyo mu har kasuwa. A ƙasar Sin akwai wayoyin da ake ƙerawa musamman don tsofaffi, masu manyan lambobi da ƙara mai ƙarfi da batir mai daɗewa, sunansu “laoren ji”, wato wayar tsofaffi. Da manhajar fassara ta ba shi saƙonka, nan hankalinsa ya tafi. Ko Bature ka rubuta wa “old phones” ba zai san wanne kake so ba: wadda aka yi amfani da ita, ko tsohon yayi, ko wadda ta daɗe a shago ba a saya ba.

Kowanne da sunansa. Na hannu “used” ne ko “second-hand”, kuma Sinawa ma da hannu suke faɗa, “ershou”, hannu na biyu. In ka rubuta masa wannan kalmar ba zai sake turo maka mai tocila ba. Wadda aka buɗe aka canza mata gilashi ko batir ko gida aka mayar kamar sabuwa “refurbished” ce, kuma farashinta daban ne, don haka ka tambaya tun kafin a yi ciniki. Sabuwa amma tsohon yayi “old model” ce. Sabuwar da ta kwana a sito “old stock” ce, ita kuma batirinta za ka bincika. “London used” da “fairly used” Turancin kasuwanninmu ne, kada ka dogara da su a wajen wanda bai taɓa zuwa Najeriya ba.

Ka rubuta gajeren saƙo, jimla ɗaya buƙata ɗaya, don manhajar fassara ba ta son doguwar magana: “I want used smartphones, not refurbished. 200 pieces.” Ka sa sunan kamfani da lambar samfurin da kake so da girman ma'ajiyarta. Ka ce ya ɗauko maka bidiyon guda biyar a kunne, gaba da baya, tare da shafin da ke nuna lafiyar batir. In ya yarda, ka fara da guda 20 ta hannun ɗan'uwan naka, ka ga abin da zai iso Jega.